A bar mai shayi da Dubai ɗinsa, a duba kwalin magani

Wanda ya bi ta kasuwar Katako ko ta Wadata a Yamai, in dai idonsa na kan alluna, ba zai rasa abin dariya ba. Teburin mai shayi mai benci biyu an lakaba masa Dubai. Rumfar gyaran waya wadda mutum uku ba su shiga tare an rubuta mata "International". Wani kuma bai wahalar da kansa da neman suna ba, ya rubuta "Bashi sai gobe", goben da ba ta taɓa zuwa.

Akwai masu ganin ya kamata hukuma ta tsabtace wannan harka. Ni ban ga laifin mai shayi ba. Babu wanda ya zauna a bencinsa yana zaton ya sauka a ƙasar Larabawa. Buri ne da raha, kuma kowa ya gane. Haka ma takalmin da aka rubuta wa Abibas maimakon Adidas. Saurayin da ya ba da jika uku ya san abin da ya ɗauka, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda wasa ya ƙare shi ne inda mai saye ba shi da hanyar ganewa. Uwar amarya ta je Babbar Kasuwa haɗa kayan aure, an buɗe mata shadda mai tambarin Getzner, kamfanin da ke Ostiriya, ko atamfa mai rubutun Holan a gefe. Ta shafa, ta ɗaga wa haske, ta biya kuɗin asali. Wanki biyu launi ya zube. Nan ba harafi aka sauya ba, sunan dungurungum aka sace.

Wannan ma asarar kuɗi ce kawai. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa sama da mutum 50,000 a Nijar allurar rigakafi ta jabu, kwalabe ɗauke da sunayen manyan kamfanonin magani na Turai, ciki kuwa babu maganin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi kan jabun rigakafin sanƙarau a ƙasar nan. Wa zai tsaya yana tuhumar kwalba alhali ma'aikacin lafiya ne riƙe da ita? Ga kuma ruwan leda da muke kira piya wata, kowace leda da sunan wata ƙorama ko dutse, ba ka san daga wace rijiya aka ɗebo ba.

Doka dai akwai. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OAPI, ƙungiyar kare tambarin kaya mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya na kare suna shekara 10 a duk ƙasashen. Sai dai wannan kariya ta mai tambari ce, shi ke da lauyan kai ƙara. Matar da ta sayi maganin zazzaɓi a faifan mai talla ba ta da kowa.

Shi ya sa nake ganin ma'aikatan duwan (kwastan) da na kula da kasuwanci, waɗanda ba su da yawa, bai dace su ɓata ƙarfinsu kan allunan shaguna ba. Su fara da abin da ke shiga ciki: magani, madarar jarirai, ruwan leda. A tilasta wa kowane mai ɗura ruwa ya buga unguwar da injinsa yake da lambar izininsa, a kuma riƙa zuwa a ga ko injin na nan.