Shi Ya Ƙyasta Ashana, Amma Wa Ya Ɗauki Adda?

Assalamu alaikum, ƙannena da sa'o'ina.

Kakata ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Amma in tana tafiya ta hangi takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, sai ta durƙusa ta ɗauka, ta kaɗe ƙurar da bakin zanenta, ta nemi tsagar katanga ta cusa. Sau tari takardar kwalin dabino ce da alhazai suka zo da ita. In mun yi mata dariya sai ta ce, "Ku ƙyale ni, wa ya sani ko da sunan Allah a ciki." A irin gidan nan yawancinmu muka tashi. Ba a ɗora komai a kan Alƙur'ani, ba a miƙe wa allo ƙafa, ruwan wankin allo ma ba a zubar da shi a kwata. Don haka ba sai an koya mini zafin ganin wani ya cinna wa Mus'hafi wuta ba. Na kalli bidiyon Salwan Momika, ɗan Iraƙin nan mai neman mafaka a Suwidin, ranar 28 ga Yuni, 2023, ranar Babbar Sallah, yana ƙona Alƙur'ani a ƙofar babban masallacin Stockholm, 'yan sanda na tsaye suna gadinsa. Ranar ko naman layya bai yi mini daɗi ba.

Kada wani ya ce mini wai ra'ayinsa ya faɗa. Mai son faɗin ra'ayi littafi yake rubutawa ko ya hau mumbarin muhawara. Wanda ya zaɓi ranar Idi, ya zaɓi ƙofar masallaci, ya kira 'yan jarida, neman fitina ya fito, kuma yana da nasa kason a duk abin da ya biyo baya. Mu ma ai an hana mu irin wannan. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana Musulmi zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama a kan Allah. Ashe tsokana tana da alhaki.

Sai dai alhakin mai tsokana ba ya wanke hannun wanda ya zub da jini, kuma a nan ne muke yawan zamewa.

Ku dubi abin da ya faru a 2011. Wani fasto mai suna Terry Jones, a garin Gainesville na jihar Fulorida a Amurka, wanda mabiyan cocinsa 'yan gomomi ne kawai, ya sa aka ƙona Alƙur'ani ranar 20 ga Maris. Ranar 1 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a, masu zanga-zanga a Mazari Sharif ta Afganistan suka auka wa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kashe ma'aikata bakwai. Huɗu daga cikinsu masu gadi ne 'yan ƙasar Nefal, talakawan da neman abinci ya kai su can. Fasto kuwa yana gidansa, ko ƙwarzane bai samu ba, sai ma sunansa da ya zagaye duniya. Abin da yake nema ke nan tun farko, kuma mu muka miƙa masa kyauta.

In kun ce Afganistan ta yi nisa, mu dawo gida. Wata jarida a Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a watan Satumba na 2005. Ranar 18 ga Fabrairu, 2006, aka fito zanga-zanga a Maiduguri, ta rikiɗe ta koma ƙona coci-coci da shaguna, aka kashe aƙalla mutum 15, Kiristocin da yawancinsu ba su taɓa ganin jaridar ba, ba su ma san inda Denmak take a taswira ba. Bayan 'yan kwanaki wutar ta tashi a Anacha. Wa aka bi? Mai sayar da albasa, mai yankan farce, mai gadi, mai shayin bakin tasha. 'Yan Arewa da dama suka halaka, aka ƙona masallatai, waɗanda suka tsira suka tsallaka gadar Kwara zuwa Asaba ko suka fake a barikin soja. Ku tsaya ku yi lissafin nan da kyau. Wanda ya yi zanen yana Turai. Wanda ya ɗauki jarkar fetur a Maiduguri ya koma gida ya ci tuwo. Wanda ya biya bashin shi ne bawan Allah da ya bar mata da 'ya'ya a ƙauye ya tafi ci-rani, ƙila ma bai ji labarin zanen ba sai da ya ga ana gudu. Waɗanda suka kashe shi azzalumai ne, su ma alhaki na wuyansu, ba na rage musu ko ƙwayar zarra. Amma wanda ya fara a Maiduguri fa? Zai tsaya gaban Allah ya ce addini ya kare? Masallatan da aka ƙona a Anacha, ba Mus'hafai a cikinsu?

Damagaram da Yamai ma sun ɗanɗana a Janairun 2015, aka kashe mutum goma, aka ƙona coci-coci fiye da 40, saboda zanen ɓatanci a wata mujalla da aka buga a Faransa.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne ihun "ya wulaƙanta Alƙur'ani" ba ya buƙatar shaida. A Kabul, ranar 19 ga Maris, 2015, wata matashiya mai shekara 27, Farkhunda, wadda ta yi karatun addini, ta yi gardama da wani mai sayar da layu a wani hubbare. Da ya ga za ta ɓata masa kasuwa, sai ya ɗaga murya ya ce ta ƙona Alƙur'ani. Taro ya dake ta har ta mutu, aka ƙona gawarta, matasa na ɗauka a waya. Bincike ya nuna ba ta ƙona komai ba. Cikin waɗanda suka jefe ta, mutum nawa ne suka ga abin da idonsu? Kowa "na ji an ce" ne. Kuma ko da ka ga shafin da wuta ta ci, me ka sani? Malamanmu da yawa sun halatta ƙona tsofaffin shafukan da suka yage don a kare su daga ƙazanta, Sayyidina Usman ma ya sa an ƙona sauran kwafe-kwafe bayan an haɗa al'umma a kan Mus'hafi guda. Hukunci aikin alƙali ne, mai zama ya ji shaidu, ba na ɗan acaɓan da ya tsinci labari a majalisa ba.

Wani abin mamaki. Ranar 28 ga Nuwamba, 2014, 'yan ta'adda suka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, suka buɗe wa masallata wuta, sama da mutum 100 suka rasu. Mahaddata nawa ne a cikinsu? Masu wannan aiki da kabbara suke yi, su ma cewa suke kishin addini ne. Hujjarsu da ta mai ɗaukar adda a zanga-zanga uwa ɗaya ce: na fusata saboda Allah, don haka jinin wanda na ga dama ya halatta. Allah kuwa ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku bar adalci. Da baƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, Sahabbai suka taso masa, Annabi ya ce su bar shi ya gama, a kawo guga a zuba ruwa a wurin. Wa ya kai shi kishin masallacin nan?

Ba na ce ku naɗe hannu ba. Matsin lambar ƙasashen Musulmi ce ta sa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da ƙona Alƙur'ani ranar 12 ga Yuli, 2023, da ƙuri'a 28 a kan 12. A Disambar shekarar Denmak ta kafa dokar da ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Shi kansa Momika an gurfanar da shi a kotun Suwidin, amma aka harbe shi a Janairun 2025 ana gobe za a yanke hukunci. Abokinsa da suka yi ƙone-ƙonen tare, kotu ta same shi da laifi. Harsashin bai ƙara mana komai ba, ya dai hana duniya ta ji alƙali ya kira Momika mai laifi, ya ba masu ƙin Musulunci sabon jarumi.

Wani bidiyon zai sake zuwa, ƙila cikin watan nan, da rubutu a ƙasa cewa in kana son Annabi ka tura wa mutum goma. Kafin ka tura, ka tambaya yaushe aka ɗauka, a ina. In ka ji an yi ihu a unguwa an nuna wani, ka kira mai unguwa da limami da 'yan sanda, ka tsaya a bakin ƙofar shagon mutumin in kana da ƙarfin hali. Sannan ka kira yayanka da ke kasuwar shanu a Kudu ka ji ko lafiya yake.