Wasannin bidiyo na 2023: waɗanda aka gama, da waɗanda aka kai kasuwa ana kan aikinsu

Duk mai buga wasannin bidiyo ya san shekaru ba ɗaya suke ba. Wata takan zo ta wuce ba ka riƙe sunan wasa ko ɗaya ba, wata kuma ta cika maka hannu har ka rasa da wanne za ka fara. Shekarar 2023 tana cikin masu cika hannu. Daga Janairu har Disamba da wuya wata ya wuce babu wani babban wasa da ya fito, kuma a cikinta ne aka saki wasu wasannin da suka ba masu su kunya a idon duniya. Yanzu da ƙura ta lafa, idan na waiwaya, abin da nake gani ya raba masu kyau da marasa kyau shi ne lokacin da aka ba masu aikin, da kuma gaskiyar da aka faɗa wa mai saye.

Wasan da ya fi kowanne a wurina shi ne Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian da ke birnin Ghent a ƙasar Beljiyam, wanda ya fito a kwamfuta ranar 3 ga Agusta. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, domin shi ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards a watan Disamba. Amma dalilina na kaina ne. Yawancin manyan wasanni suna gaya maka cewa kana da zaɓi, sai ka tarar duk hanyar da ka bi ƙofa ɗaya take kai ka. Wannan wasan kuwa da gaske yake. A farkon labarin akwai wani sansanin maƙiya da dole ka san yadda za ka yi da shi. Kana iya afka musu da yaƙi, kana iya shiga da daɗin baki ka yaudare su, kana iya lallaɓawa ka kashe shugabanninsu ɗaya bayan ɗaya, kana ma iya haɗa kai da su ka ci amanar mutanen da suka nemi taimakonka. Kowace hanya an rubuta mata abin da zai biyo baya, kuma abokan tafiyarka suna riƙe abin da ka aikata, wani ma yakan rabu da kai saboda shi. Kana iya magana da dabbobi, kana iya yi wa gawa tambayoyi. Idan ka nemi shawo kan wani, sai a jefa ƙwayar dayis mai fuska 20 a gabanka, kamar yadda dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons, wanda aka gina wannan wasa a kansa, suka tanada, kuma idan ba ka dace ba labarin ba ya tsayawa, yana ci gaba ne da rashin nasararka a cikinsa. Abin da ya kama ni ke nan. Na ji an ɗauke ni mai hankali, an yarda zan iya yanke shawara in ɗauki nauyinta.

Ga kuma wani abu da ya zama baƙo a wannan zamani: ka biya sau ɗaya, ka samu wasan dukansa. Babu kanti a ciki da ake sayar maka da riga ko takobi da kuɗin gaske.

Mai lura zai ce ai shi ma Baldur's Gate 3 an sayar da shi kafin a gama, tunda tun watan Oktoba na 2020 Larian ya fara karɓar kuɗin mutane a kan kashin farko na wasan. Haka ne. Bambancin shi ne an faɗa wa kowa a fili cewa aikin bai kammala ba, kuma kamfanin ya shafe kusan shekara uku yana sauraren ƙorafin 'yan wasa yana gyarawa. Ko bayan fitowarsa, kashi na uku ya zo da kurakurai da nauyin tafiya, sai da aka yi ta sakin gyare-gyare. Ban ɗauke shi wasan da ba shi da aibu ba. Abin da na sani shi ne wanda ya saye shi a 2020 ya san abin da ya saya, haka ma wanda ya saye shi a 2023.

Na biyu a wurina shi ne The Legend of Zelda: Tears of the Kingdom na Nintendo, wanda ya fito ranar 12 ga Mayu ya kuma sayar da kwafi miliyan 10 a cikin kwana uku. Wasan ya ba ka ikon ɗaukar kusan duk abin da ka gani ka manna shi da wani: katako da ƙafar mota da fanka su zama abin hawa, gungume da gungume su zama gada. Idan aka sa maka kogi a gaba, babu amsa ɗaya da ake jira ka gano, duk abin da ka ƙera matuƙar ya tsallakar da kai an karɓa. Masu sana'ar haɗa wasanni da kansu sun yi ta mamakin yadda wannan tsari yake aiki ba tare da wasan ya wargaje ba, a kan Switch, na'urar da ta fito tun 2017 kuma ƙarfinta bai kai na takwarorinta ba. Amsar tana cikin abin da jagoran aikin, Eiji Aonuma, ya bayyana daga baya: lokacin da aka ɗage fitowar wasan a watan Maris na 2022, kusan an gama shi, shekarar da aka ƙara ta tafi ne wajen gogewa da gwaji. Wato kamfani ya haƙura da cinikin shekara guda domin kada ya miƙa wa mutane abin da zai lalace a hannunsu. Shi ne wasan farko da Nintendo ya sa wa farashin dala 70, kuma ban ga wanda zai ce an cuce shi ba.

Akwai wasu biyu da ba zan wuce su ba. Alan Wake 2 na kamfanin Remedy da ke Finland ya fito shekara 13 bayan na farko, wasan tsoro ne mai haɗa hoton kwamfuta da 'yan wasan kwaikwayo na gaske, kuma yana da ƙarfin halin gwada abin da manyan kamfanoni ke gudu. Sai Hi-Fi Rush na Tango Gameworks da ke Tokyo, wanda aka sanar da shi aka kuma sake shi a rana ɗaya, 25 ga Janairu, ba tirela ba alkawari. Komai na cikinsa yana tafiya ne da kiɗa, har bugun da kake kai wa maƙiyi, kuma gajere ne mai sa nishaɗi daga farko zuwa ƙarshe. A riƙe sunansa, zan dawo kansa.

Marasa kyau kuwa, uku ne suka yi fice, kuma kowannensu da irin tasa matsalar.

The Lord of the Rings: Gollum, na kamfanin Daedalic da ke Hamburg a Jamus, ya fito ranar 25 ga Mayu cike da kurakurai, da hotunan da suka yi nisa da waɗanda aka nuna a talla. Washegari kamfanin ya fitar da takardar neman afuwa. Daedalic ya yi suna ne da ƙananan wasannin labari da warware matsala, kuma ya ƙware a kansu. Ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfinsa, aka kuma sayar da shi a farashin babban wasa, har da ƙarin kuɗi ga mai son jin wasu jaruman suna magana da harshen da aka ƙirƙira musu a labarin. Kafin ƙarshen watan Yuni kamfanin ya sanar da daina haɗa wasanni da kansa, ya sallami ma'aikata.

Redfall ya fi ba ni baƙin ciki, saboda waɗanda suka yi shi ba 'yan koyo ba ne. Reshen Arkane na birnin Austin ne ya yi Prey a 2017, ɗaya daga cikin wasannin da suka fi zurfin tunani a irinsu. An sa su yin wasan harbi na mutum huɗu ta intanet, nau'in da ba su saba da shi ba, kuma rahotanni sun nuna ma'aikata da dama sun bar kamfanin ana cikin aikin. Abin da ya fito ranar 2 ga Mayu gari ne fayau babu rai, da maƙiyan da sukan tsaya suna kallonka kana harbinsu. Phil Spencer, shugaban Xbox na lokacin, wato sashen wasanni na Microsoft wanda ya mallaki Arkane, ya fito ya ba da haƙuri.

The Day Before shi ne mafi muni, domin matsalar biyun farko gazawa ce, shi kuwa maganarsa ta amana ce. Kamfanin Fntastic ya shafe shekaru yana nuna tirela masu ɗaukar ido na wani katafaren birni da 'yan wasa za su rayu a cikinsa tare, har wasan ya taɓa zama na ɗaya a jerin waɗanda masu amfani da Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, suka fi jira. Ranar 7 ga Disamba aka sake shi, mutane suka tarar da wani abu dabam, ƙarami, wanda bai yi kama da alkawarin ba. Kwana huɗu bayan nan kamfanin ya sanar da rufewa. An mayar wa masu saye kuɗinsu, kuma a watan Janairu na 2024 aka kashe wasan gaba ɗaya. A nan dole mu 'yan wasa mu dubi kanmu. Biyan kuɗin wasa saboda tirela, tun kafin wani ya taɓa shi, cinikin biri a sama ne, kuma muddin muna yinsa, muna koya wa kamfanoni cewa talla ta fi aiki kawo riba. Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga fiye da awa biyu ba, amma awa biyu ba ta isa a gane wasan da aka ƙawata farkonsa aka bar ƙarshensa ba.

Akwai kuma rukunin da ba ya shiga jerin marasa kyau saboda yana aiki lafiya, amma ni ina ganin illarsa ta fi daɗewa. Call of Duty: Modern Warfare III ya zo da labarin da ake gamawa a cikin 'yan awoyi, a farashin dala 70, masu sharhi suka yi masa ca, duk da haka ya zo na biyu a wasannin da aka fi saye a Amurka a shekarar. EA Sports FC 24 shi ne na farko bayan rabuwar EA da hukumar FIFA, bayan kusan shekara 30 suna tare. An sauya suna, an saka 'yan ƙwallo mata a Ultimate Team, sashen da kake haɗa ƙungiyarka da katunan 'yan wasa, wanda abu ne mai kyau, amma zuciyar kasuwancin tana nan yadda take: ka biya kuɗi ka buɗe fakiti ba ka san ɗan wasan da zai fito ba. Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, kuma EA ya daina sayar da makin sayen fakitin a ƙasar a farkon 2019. Yara da yawa ne ke buga wannan wasa, kuma na yi imani hukumomin Beljiyam sun yi gaskiya.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne kyautar da aka ba Cyberpunk 2077 a bikin Disamba, ta wasan da ya fi samun kulawa bayan fitowa. Gyaran da CD Projekt ya yi masa a 2023, tare da ƙarin labarin Phantom Liberty, aiki ne nagari, ban musa ba. Sai dai wasan nan ya fito ne a Disamba 2020 a lalace, har Sony ya cire shi daga kantinsa na PlayStation na tsawon watanni. Waɗanda suka biya a ranar farko sun jira kusan shekara uku kafin su sami abin da aka yi musu alkawari. Ina tsoron saƙon da irin wannan kyauta ke aikawa ga masu yanke ranar fitar da wasa, cewa a saki kawai, a gyara daga baya, za ma a yaba.

Su waye suka biya kuɗin duk wannan? Ƙididdigar masu bibiyar masana'antar ta nuna fiye da mutum 10,000 ne suka rasa aikinsu a 2023, shekarar da ake kira ɗaya daga cikin mafi albarka a tarihin wasanni. Epic, mai Fortnite, ya sallami kimanin 830 a watan Satumba. Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard, mai Call of Duty, a kan kusan dala biliyan 69 a watan Oktoba, a Janairu na 2024 kuma ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninsa. Mai zane da mai rubuta labari da mai gwada wasa ba su ne ke zaɓar ranar fitarwa ba, ba su ne ke cewa a bar abin da aka iya a bi abin da ake yayi ba, amma su ake fara nuna wa ƙofa.

Ranar 7 ga Mayu, 2024, Microsoft ya rufe Arkane Austin, masu Redfall. A cikin sanarwar ɗaya ya rufe Tango Gameworks, wanda shi ma mallakinsa ne, masu Hi-Fi Rush, wasan da 'yan wasa suka so, masu sharhi suka yaba, ya kuma ci kyaututtuka. An yi musu kuɗin goro, wanda ya gaza da wanda ya yi fice. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa kasuwa tana saka wa aiki mai kyau tana hukunta maras kyau ba. Larian ya samu shekarun da yake buƙata ne saboda kamfani ne da ba ya kasuwar hannun jari, kuma shugabansa Swen Vincke mai haɗa wasa ne da kansa. Tango bai samu wannan kariya ba. Sai a watan Agusta na 2024 kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu, mai PUBG, ya saye shi tare da haƙƙin Hi-Fi Rush, bayan wasu daga cikin ma'aikatansa sun riga sun kama aiki a wasu wuraren. Arkane Austin kuwa babu wanda ya saye shi.