"Ba karaya, je ka gida": haka ake sallamar mai targaɗe a garin nan

Wallahi jama'a abin nan ya daɗe yana cina, yau kam sai na amayar da shi. A Damagaram in dai ƙashinka bai karye ba to kai ba mara lafiya ba ne. Ko ƙafa ta kumbura ta yi suntum, ko da rarrafe ka shigo, da an ɗaga hoton radiyo, wato hoton ƙashi, sama an ga ƙashi a haɗe shikenan an gama da kai, "ba karaya malam, targaɗe ne, ka gode Allah". Alhamdulillahi, kullum cikin godiya muke, amma shi targaɗen ba ciwo ba ne? Jijiyar da ta ɗaure idon sawu ce fa ta yage, kuma radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya, wannan ko ɗan koyo a likita ya san shi.

Ni mai gudun safe ne, na daɗe ina yi, tun da aka gwada ni aka ce tansiyo na yana hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Da an sallame asuba sai in ɗaura takalmi in kama bakin gudron, wata rana hanyar Mirya wata rana ta Tanut. A tsakiyar hunturun nan, lokacin da hazo ke rufe gari kuma rana ba ta leƙowa sai wajen bakwai, wasu masu aiki suka haƙa dogon rami a gefen titi suka kwashe kayansu suka yi gaba. Ba jan ƙyalle, ba tsohuwar taya, ko reshen ƙaya ɗaya ba su ajiye ba wanda zai ce ma mutum hattara. Fitilun wurin rabi a mace suke, iska kuma ta kwaso yashi da ledoji ta lulluɓe bakin ramin. Ƙafar dama ta faɗa, ta lanƙwashe ciki, na ji wani ɗan ƙas har tsakiyar kaina. Wani ɗan kabu-kabu ne ya kwashe ni, Allah ya saka mishi da alheri, har ya ce mini ko jiya wata tsohuwa ta faɗa wurin da ƙwaryar nononta.

To a likita fa? Ka yanki tike, ka hau layi, ka zauna kan bencin siminti mai sanyin tsiya ƙafa na zugi, an zo radiyo kuran ya ɗauke, ka jira, ka biya, ka dawo ka sake hawa wani layin don a duba hoton, duk wannan wahalar kuma maganar da aka yi da ni a ciki ba ta kai shan kofin shayi ɗaya ba. Aka rubuta ordonans, diklofenak da bandeji. Na ce lokotoro in taka ƙafar ko kar in taka? Ruwan zafi zan sa ko ƙanƙara? Yaushe zan koma gudu? Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in ciwon ya daina ka ci gaba da harkokinka, na gaba ya shigo. Na san suna da aiki, na gani da idona, hunturu ne, mata cike da baranda da yara masu tari da mashaƙo, mutum ɗaya ba zai raba kansa goma ba. Amma takarda guda fa? Ƴar takarda ɗaya da Hausa da Faransanci, a rubuta yi kaza bar kaza, a miƙa ma mutum tare da ordonans, nawa za ta ci?

Da yake can ba a gaya maka komai ba, sai unguwa ta zama likitanka. Wannan ya ce a gasa da ruwan zafi, wancan ya ce a murje da man kaɗe har sai ta yi ƙara, wani yaro a fada har da miƙo mini tramol wai in sha zan iya taka ta yau ɗin nan. Tramol! Abin da ya gama da samarinmu shi ake ba mutum kamar goro. Alhali a kwana biyu ukun farko zafi da murza ƙara kumburi suke yi, abin da ake so shi ne a hutar da ƙafa, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ta sama da ƙirji in an kwanta. Ƙanƙarar leda ce fa da ake sayarwa a kowace kartiye. Amma ka ce ƙanƙara cikin hunturu, gida gaba ɗaya za su taso maka, wai sanyi zai shige ka har tsufa.

Inna ta matsa sai da aka kai ni wajen wani tsoho mai ɗori a cikin Birni. Ba zan zage shi ba, kuma a nan na gane abin da ke kai mutane wurinsu. Baba ya zaunar da ni kan tabarma, ya ɗora ƙafar kan cinyarsa, ya bi ta da babban yatsa a hankali tun daga ƙauri har ƙasan idon sawu yana kallon fuskata, inda na yamutsa fuska ya tsaya ya ce "nan ne ɗana". Ya tambaye ni yadda na faɗi, ta wane gefe ta karkata. Abin da na biya jikkuna ban samu ba kenan, a taɓa ka a saurare ka. Sai dai da ya ce zai ja ta na ce Baba a yi haƙuri, jijiyar da ta yage ba ja take so ba.

Ciwo ya lafa, kumburi ya saɓe, na bi maganar da aka gaya mini na koma harkokina har da gudu. Ban yi nisa ba, wani ɗan dutse da bai kai ƙwai ba na taka ƙafar ta sake juyawa, sabon kumburi, sabon zama. Ku san zaman nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba. Tumbi ya fara fitowa, barci ya lalace, tansiyon da na sha wuya na saukar ya kama hanyar komawa, abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. Ga masu baƙar magana, "dama babba da kai me ya kai ka gudu, wa ya koro ka?" Su ne kuma gobe za ka gani a farmasi suna layin maganin suga.

Wanda ya cece ni wani tsohon malamin wasanni ne na lise da ya yi ritaya, muna sallah masallaci ɗaya. Ya ga ina ɗingishi ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya, wadda ta ji ciwon. Wallahi ko ƙirga biyar ban yi ba na nemi bango. Ya ce ka gani, daina ciwo daban warkewa daban. Shi ya fahimtar da ni cewa in jijiyar nan ta yage, ƙafa tana rasa wannan jin da take gane yadda ƙasa take kafin ido ya gani, shi ya sa wanda ya yi targaɗe sau ɗaya bai gyara ba yake ta maimaitawa. Ƙaramin targaɗe sati ɗaya zuwa uku, matsakaici har sati shida, babba kuwa watanni. Ya sa ni rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsan ƙafa, tsayuwa da ƙafa ɗaya ido buɗe sannan ido rufe sannan kan filo, ɗaga dunduniya a bakin dakali, da jan ƙafa gefe da robar tsohon tub na moto da ya yanko mini da kansa. Ya ce ba gudu sai na iya tafiyar minti 30 da sauri ba ciwo, kuma na iya tsalle da ƙafar ita kaɗai. Da aka fara ma, gudu minti ɗaya tafiya minti biyu, yau a yi gobe a huta, in aka tashi da kumburi da safe a koma baya. Abin da ya fi wuya shi ne numfashi yana dawowa da wuri, zuciya na ce maka ƙara wuta, jijiya kuwa ba ta shirya ba.

To don Allah ku gaya mini, wannan bayanin da wani dattijo ya yi mini kyauta a ƙofar masallaci, me ya hana a yi mini shi inda na biya kuɗi? Da ban haɗu da shi ba fa? Na je neman kine, wato masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, inda aka nuna mini na tarar da masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda suka yi hatsarin moto suna jiran randebu, kunya ma ta hana ni in ce ni targaɗe ya kawo ni, kuma gaskiya sun fi ni buƙata. Ma'aikatan ne suka yi kaɗan. Ƙasar da lambobinta na Olimpik biyu ne tak, tagullar Issaka Dabore a dambe a Munik 1972 da azurfar Alfaga a tekwando a Riyo 2016, mun iya tafi da guɗa in an ciyo, mun iya cika fili in ana kokowar takobi, amma yaron da ya gurɗe a ƙwallon unguwa ba mai duba shi, haka zai girma da ƙafa mai juyawa ya bar wasan gaba ɗaya.

Yanzu na dawo gudu, alhamdulillahi, a hankali, da bandeji. Sai ga wata sabuwa: malam ya ce in nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai ɗan laushi. A ina? Garin nan duwatsu ne da yashi, yashin kuma mai zurfi shi ne babban abokin gabar idon sawu. Bakin gudron ga tankokin mai da manyan kamiyo suna hura maka ƙura, ga ƴan adaidaita da ba su san birki ba, ga kanibo da aka sace ko aka fasa murafunsu. Mu maza kenan, mata da lokotoro ya ce su riƙa tafiya saboda suga ko tansiyo kuwa sai dai zagayen tsakar gida. Birnin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 ne fa. Ga zafi ya ƙarato, watan huɗu da na biyar ma'auni yana wuce 40, ruwan sha ma sai ka bi ƴan garuwa, ba wani lokacin gudu sai asuba.

Filayen lakwal suna nan a kulle tun daga asuba har ɗalibai su shigo, ba kowa ciki sai awaki da suka bi ta ɓarakar katanga. Mu ƴan gudun unguwarmu muka je wata lakwal muka roƙa a riƙa buɗe mana awa ɗaya tak, mun ce za mu ɗauki nauyin shayin mai gadi, za mu tsince duwatsu da kwalabe da hannunmu. Aka ce mu rubuto takarda. Muka rubuta. Aka ce sai da tambur, muka saya muka manna, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Har yau da nake wannan rubutu ba a ce e ba ba a ce a'a ba, kuma ƙofar tana nan da kwaɗonta.