Laila ce ta fi Majnun shan wuya

Duk sanda aka ɗauko zancen Laila da Majnun, Ƙaisu, wanda ake wa laƙabi da Majnun, wato mahaukaci, shi ake tausaya wa. Ni kuwa Laila ce ke tsaya mini a rai.

Ƙaisu ɗan Mulawwah mutumin ƙabilar Banu Amir ne a Najadu, cikin ƙasar Larabawa, a ƙarni na 7 na miladiyya. Tare suka tashi da Laila suna kiwo. Da ya tasa sai ya riƙa yi mata baitoci yana kiran sunanta a bainar jama'a, alhali ya san al'adar mutanensa: wanda ya yayata sunan yarinya a waƙa ba a ba shi ita, gudun kada a ce aure ne na rufa asiri. Baki shi ke yanka wuya. Haka aka yi wa wani mawaƙin Larabawa, Jamilu, a kan masoyiyarsa Busaina. Aka ɗaura wa Laila aure da wani mutumin ƙabilar Saƙif, Ƙaisu ya faɗa daji.

Mahaifinsa ya kai shi Makka ko Allah zai yaye masa. Ya ce, kama rigar Ka'aba ka roƙi sauƙi. Ya kama, ya ɗaga murya, sai ya roƙi a ƙara masa son Laila, kada ya taɓa mantawa da ita. Wallahi wurin nan yana girgiza ni, kuma shi ya ja hankalin mawaƙan baya. Isfahani ya tattara labaran a Kitabul Agani a ƙarni na 10. Nizami ya waƙe su da Farisanci a 1188, Amir Khusrau ya bi sahu a Delhi, Jami a Herat, Fuzuli da Turkanci, har zuwa Ahmad Shauƙi a Masar. Sufaye kuma suka mai da Laila ishara ga son Ubangiji, Majnun ya zama muridin da ya narke cikin shauƙi.

To amma cikin wannan ɗaukaka duka, yarinyar fa? Shi yana da sahara, yana da waƙa, mutane suna bin sa suna haddace abin da ya faɗa. Ita tana ɗakin mijin da ba ta so, sunanta a bakin kowane matafiyi, ko kuka sai a ɓoye. Shi ya sa nake ganin girman Nizami, domin ya bar ta ta yi magana: Majnun namiji ne, yana zuwa inda ya ga dama ya yi ihunsa, ita kuwa a kulle take, ga tsoron uba ga tsoron bakin duniya. Yawancin masu kwafo baitocin Majnun suna turawa 'yan mata a Facebook ba su taɓa jin wannan ƙorafi nata ba.