Kuɗin binciken tsaron ruwa: mu ma fa a Yauri bisa ruwa muke

Jama'a don Allah ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abu ne da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda na ji ana maganar ware kuɗin bincike kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, don harkar tsaro da tsaron ruwa, sai in ga hankalin kowa ya tafi Legas da Fatakwal da tekun Gini, kamar mu nan babu ruwan da ke cin mutane, ko kuma babu ruwan da ɓarayin daji ke tsallakawa.

Ni ban ce kar a kula da teku ba. A watan Yunin 2021 Buhari ya ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, a Legas, dala miliyan 195, da jiragen ruwa da na sama da marasa matuƙi da ɗakin sa ido, kuma gaskiya fashin teku ya ragu sosai bayan nan, wannan ba a musu. To amma ku duba kalanda. Ƙarshen watan Mayu na 2021 ɗin dai jirgi ya kife da mutane sama da 150 wajen Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, mafi yawansu ba su fita da rai ba. Ranar 17 ga Yuni kuma aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri aka kwashi ɗalibai. Duk cikin makonni kaɗan. Kogin Kwara da tafkin Kainji su ne tekunmu, a kansu muke zuwa kasuwa, a kansu ake kai amarya, kuma ba wanda zai iya faɗa maka jirgi nawa ne ke bisa ruwan nan da daddare ko mi suka ɗauko.

Abin da mutane ba su gane ba, ita wagga basirar ba aljani ba ce. Hotuna ake loda mata dubbai, mutum ya zauna yana nuna mata wannan kaza ne wancan kaza ne, har ta koyi bambancewa. In duk hotunan da ta gani na manyan jiragen dakon mai ne a teku, ka kawo ta Yauri ba za ta san kwale-kwalen Basarken da ya fito jefa taru da asuba ba, balle ta bambanta shi da jirgin da aka lodawa babura biyar za a tsallaka da su. Ba ta san hazon hunturu ba, ba ta san kututturan itatuwan da ke kwance ƙarƙashin tafkin tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ba, waɗanda in ruwa ya ja baya su ke fasa cikin jirgi. Wa ya san waɗannan? Direban jirgi da masunci, sai kuma yaranmu da suka karanta kwamfuta kuma suka tashi a bakin ruwan.

Ƙanena da ya yi aikinsa na ƙarshe a jami'a abin da ya gwada ke nan. Ya riƙa zuwa mashiga ranar kasuwa da wayarsa yana ɗaukar hoton jirage lokacin lodi, yana son ya koya wa kwamfuta ta gane jirgin da ya nutse fiye da ƙima saboda nauyi. Na sha ganinsa cikin dare a shagon mai caji, laftof a cinya, janareta na ƙara, yana zana layi jikin kowane jirgi ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin data da na mota duk daga aljihunmu. Da batirin laftof ɗin ya mutu aikin ya tsaya nan, ya samu makinsa ya wuce, hotunan suna nan cikin filas.

Kuma fa kuɗin akwai. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, na da asusun bincike na ƙasa, daga harajin da kamfanoni ke biya. A 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta fito da tallafin naira miliyan 5 ga kowane ɗaya daga masu bincike da ƙananan kamfanoni 45 kan AI. Sojojin sama da kansu sun ƙera jirgi marar matuƙi, Tsaigumi, aka ƙaddamar da shi a Kaduna 2018. Roƙona shi ne duk wani tallafi da za a sa wa suna tsaron ruwa a yanka kaso a ce wanga na ruwan cikin ƙasa ne, a sa sharaɗin sai an yi aikin tare da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Gusau ko jami'ar jiha ta Aliero, a kuma buga sunan wanda ya samu da abin da ya yi da kuɗin kowa ya gani.

Akwai kuma abin da ke ba ni tsoro, dole in faɗa. Tudun Biri a jihar Kaduna, Disamban 2023, jirgi marar matuƙi na sojoji ya saki bam kan masu Mauludi, aƙalla mutum 85 suka rasu, saboda daga sama an ɗauka taron 'yan bindiga ne. Wannan fa mutum ne ke kallon allo. To ina ga na'urar da ba ta taɓa ganin taron suna ko ayarin masu zuwa kasuwar Warra a kan babura ba? Shi ya sa ni a wurina binciken farko da ya cancanci kuɗi shi ne wanda zai koya wa na'ura gane talaka mai neman abincinsa, kuma kar a taɓa bar mata hukuncin harbi.

'Yan majalisarmu na Kebbi ta Kudu da malaman jami'o'inmu, ku ne za ku kai maganar nan inda ake rabon. Hotunan ƙanena suna nan, duk malamin da zai ɗora a kai ya yi min magana ta inbos.