Ɗan gadon hawan dutse ya sha kunya a Faransa

Ni fa ɗan Damagaram ne, tun muna yara muke tsalle-tsalle kan duwatsun Birni da silifas, shi ya sa da abokan karatuna suka ce mu je Fontainebleau hawan dutse ranar asabar sai na bugi ƙirji na ce yau za ku ga ɗan gado.

Wurin daji ne na gwamnati kamar kilomita 60 kudu da Paris, duwatsun ma ba wasu dogaye ba, mita 3 ko 4, ba igiya ba komai sai katifa da kowa ya goyo kamar an kore shi daga gidan haya. An yi wa duwatsun ƴan kibiyoyi da fenti, rawaya na masu koyo, ja na gwanaye. Ja na nufa mana, wa zai tsaya kan rawaya.

Ina ɗaga ƙafa sai wani tsoho ya ce "yarona tsaya", ya miƙo min wani guntun kafet irin na bakin ƙofa wai in goge takalmi. Na ce Baba dutse ne fa ba ɗakin amarya ba. Ashe nasu ba irin namu ba ne, dutsen yashi ne, in ka hau da rairayi a takalmi kana gurzarsa ne har ya koma santsi kamar sabulu, in kuma ya jiƙa ma ba a hawa don matakin yana iya ɓallewa a hannunka kuma ba mai mayar da shi.

To na goge. Sai na auka jakar farar hodar nan da suke shafawa a hannu don gumi, na zuba son raina, na fito fat kamar mai aikin injin niƙa, na kama dutse na yi sama mita 1 cak sai ga ni tim a katifa. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 9 ba ta zo ta haye tana cin biskit. Tsohon nan bai ce uffan ba, buroshi mai laushi kawai ya ba ni, na kusan rabin awa ina share tambarin hannuna daga jikin dutse.

Na ce bari dai in huce da shayi, na zaro mangal da gawayi da ƴar butata. Kai jama'a! Mutum biyar suka taso min lokaci guda, ashe an hana kunna wuta a dajin kwata-kwata, ga busasshen ganye ko'ina, ga tara in aka kama ka.

Haka na mayar da kayana jaka, ledar gawayin kuma ta fashe a hanya, na shiga mota rabi fari rabi baƙi, har yau Jakin Dawa suke kirana a aji.