Kirkin mai gidan reno ba lasisi ba ne

Tun da aka rufe wani gidan renon yara, iyaye suka yi ca a kan jami'an da suka je bincike, kowa yana rantsuwa cewa matar da ke da gidan mutuniyar kirki ce, tana riƙe da yara tamkar ita ta haife su. Madalla da wannan shaida. Sai dai har yanzu ban ga wanda ya musanta cewa wa'adin lasisinta ya daɗe da ƙarewa ba, haka kuma babu wanda ya ƙaryata cewa an tarar da ɗaki cike da jarirai a hannun mai reno guda. Kirki ba lasisi ba ne, kuma duk yawan kirkin mutum hannu biyu gare shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke auna irin waɗannan gidaje. An shafa wa bango fenti mai ɗaukar ido, an zana giwa da raƙumin dawa, an liƙa haruffa, sai mu ce wuri ya haɗu, mu miƙa jariri mu tafi aiki da kwanciyar hankali. Ashe giwar bango ce za ta ɗauke yaro idan ya shaƙe da murfin kwalba.

Akwai dalilin da ya sa hukumomi ke ƙayyade yawan yaran da mutum ɗaya zai kula da su. A Ingila, alal misali, ƙa'ida ita ce babba ɗaya ga yara uku waɗanda ba su kai shekara biyu ba. Lissafin a fili yake: idan wuta ta tashi, jarirai nawa mace ɗaya za ta iya ɗauka ta fita da su a lokaci guda? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta faɗi wannan a sashe na 3, inda ta wajabta wa ƙasashe su tabbatar wuraren kula da yara sun bi ƙa'idojin tsaro da lafiya, da yawan ma'aikata da cancantarsu, da sa ido na ƙwarai. Ba a ambaci fara'ar mai gidan reno a ciki ba.

Na ji masu cewa lasisi takarda ce kawai, ana iya samunta ta bayan fage. Haka ne, amma wanda ya kasa cika mafi ƙarancin sharaɗi ba zai burge ni da hujjar cewa sharaɗin yana da rauni ba. Masu cewa shekara da shekaru babu abin da ya faru kuwa, sa'a suke yabo.

Magana ta gaskiya, ba na zargin uwar da ta rasa inda za ta ajiye ɗanta, domin na san halin da masu aiki suke ciki. Roƙona shi ne ta nemi a nuna mata lasisin, ta karanta ranar ƙarewarsa, ta duba ko adireshin da adadin yaran da aka amince da su sun yi daidai da abin da idonta ya gani. Daga nan ta koma ba tare da sanarwa ba, a tsakiyar rana, lokacin da babu wanda ya shirya tarbar baƙi. Ta kalli yadda aka kwantar da jarirai, domin tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kan kwantar da jariri rub da ciki, kuma shawarar yau ita ce rigingine, a shimfiɗa mai tauri, babu matashi. Ta lura ko mai reno tana wanke hannu da sabulu tsakanin canza kunzugu da haɗa madara. Ta leƙa bayan ƙofa ko an bar bokiti da ruwa a buɗe, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro mai rarrafe. Ta tambaya ko ana karɓar katin rigakafi, tunda ƙyanda ba ta jira a ɗakin da yara suka cunkushe. Ta nemi ƙofar fita ta biyu, ta ga ko an garƙame ta da kwaɗo an jibge kujeru a gabanta. Gidan da ya ɓata rai saboda waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa, komai kirkin mai shi.

Sannan wa yake tambayar nawa ake biyan masu renon su kansu? Ana ɗaukar yarinya ba horon taimakon gaggawa, a ba ta abin da bai taka kara ya karya ba, bayan wata uku ta gudu a kawo wata, yaro kullum yana sabon hannu. Iyayen da suka duƙufa wajen kare mai gidan renon da aka rufe, da yawansu ba su san sunan wadda take goya 'ya'yansu tun safe har yamma ba.